Almakashin Kawu

Shekara ashirin da shida Kawu yana koya wa mutane hawan doki a wani fili mai shinge a bayan gari. Ba kawun kowa ba ne a wurin, amma har likitan dawaki haka yake kiransa. A ɗakin sirdi akwai ƙusoshi goma sha biyar, goma sha huɗu kowace da hular kwano a rataye. A ta goma sha biyar almakashi ne.

Dokarsa ɗaya ce. Hular da ta bugi ƙasa da kai a cikinta ta gama aiki, ko da ba ta yi ƙwarzane ba, domin soson ciki ya riga ya motse. Nan take yake datse mata maɗauri, kada wani ya sake sawa.

"Kawu, sabuwa ce fa!" in ji mai hula.

"Kan naka na gwanjo ne?" Sai ka ji ƙat.

Wata Laraba da safe goɗiyarsa ta firgita da leda, ta zubar da shi. Ba wanda ya gani sai 'yarsa, da ta kawo masa shayi. Ya tashi, ya goge hular da hannun riga, ya mayar da ita kansa. Marigayiya matarsa ce ta saya masa ita, ta rubuta sunansa a ciki da biro, har da kuskuren harafi ɗaya.

Kwana uku yana hawa da ita, yana kauce wa idon 'yar.

A rana ta huɗu ta ajiye shayin, ta ajiye almakashin kusa da kofi.

"Baba, kai za ka yanke ko ni?"

"Ai kafaɗa ce ta fara sauka."

"Daga bakin ƙofa na ji ƙarar. Yaushe kafaɗarka ta zama ta roba?"

"Ke dai bakin uwarki kika ɗauko."

"Da tana nan, da tun ranar ta yanke, ta haɗa da kunnenka."

Ya yi dariya har da tari. Ya daɗe yana duban rubutun nan. Sannan ya yanke maɗaurin a hankali, kamar mai yanke wa jariri farce. Ya miƙa mata hular, ya ce a kai masa ɗaki, ba kwandon shara ba.

Sai da ya gwada uku daga jikin ƙusoshin kafin ya sami wadda ta zauna masa daidai. Goɗiyar tana waje tana jira.