Miyar Naman Kaza da Mama ta Hana Ni Ci

Shekara arba'in ke nan bana da rasuwar mahaifiyata, Mama Hannatu. Ta rasu a jihar Maryland ta Amurka, ƙasar da ta zo yi wa ziyarar 'yan watanni, a lokacin kaka, sa'ad da ganyen itatuwa ke yin ja yana zubewa. Mutanen nan suna son wannan lokaci ƙwarai, har tafiya suke yi takanas don kallon ganye. Ni kuwa da zarar ruwan Oktoba ya sauka, ƙasa ta fara warin ruɓaɓɓen ganye, sai gabana ya soma faɗuwa. Na tsufa, na yi jikoki, har yanzu haka nake ji.

Jego ne ya kawo ta. A tsakiyar shekarun tamanin na haifi ɗana na fari, Dauda, muna zaune a wani bene a Gaithersburg. Mijina Bulus yana karatu da safe yana aiki da yamma, babu mai dafa mini ruwan wanka, sai muka aika wa Mama ta zo daga ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Kagoro. Ta iso da acca da daddawa da riɗi a ƙulle cikin zannuwanta, da baki kuma wanda ba ya raga wa kowa. Kajin kanti ta ce soso ne aka yi wa fukafuki. Tumatir ta ce ruwa ne ya sa jar riga. Zaman ɗaki ne ya fi damunta, matar da rana ba ta taɓa fitowa ta same ta a gida ba. Bayan benenmu akwai wani ɗan daji mai manyan itatuwa da kurege barkatai, kullum da safe in ta gama yi wa Dauda wanka sai ta yafa rigar sanyin Bulus ta shiga ciki.

A ƙauyenmu ita ce gwanar naman kaza. Da damina, in an kwana ana tsawa, mata kan laɓe su ga inda za ta nufa, ita kuma sai ta yi gabas alhali surin da take nema yana yamma. Mai kyau a gindin suri yake fita, inda gara ke zama. Tana duba ko ƙwari ko dodon-koɗi sun gutsura, don a saninmu abin da bai kashe ƙwaro ba ba zai kashe mutum ba. Ba ta tumɓukewa, tsinka take yi daidai ƙasa ta bar gindin a ciki domin ya sake fitowa baɗi. Sannan akwai ka'idar da ta gada daga uwarta, wadda ba a karyawa a gidanmu: in naman kaza na sabon wuri ne, wadda ta tsinko ita ce za ta fara ci, ita kaɗai, da tsakar rana. Sauran mutanen gida su jira faɗuwar rana. Mugun na gida ba ya da haƙuri, kafin yamma ya nuna kansa.

Ran nan ta dawo daga dajin da haɓar zani cike, tana murna irin wadda ban ga ta yi ba tun saukarta daga jirgi.

"Ladi, tashi ki ga abin da Allah ya ajiye a bayan gidanku, ku kuna nan kuna cin soso."

Ta zazzage a kan tebur. Farare ne tas, daga hula har ƙafa, masu kyau kamar an wanke su, kowanne da ɗan zobe mai laushi a wuyansa. Na ce, "Mama, na nan fa ban taɓa ganin ana ci ba." Ta nuna mini inda kurege ya gutsuri ɗaya, da inda dodon-koɗi ya bi ta kan wani. Ta shinshina, ta ɓare ɗaya ta duba cikinsa. Sai ta ce abu guda ne ya tsaya mata a rai, ta zaga wurin kaf ba ta ga suri ko ɗaya ba.

Duk da haka ta dafa. Ta sa riɗi da daddawa da manja, ta tuƙa tuwon acca, gidan ya ɗauki ƙanshin da rabona da shi tun ina budurwa. Mai jego ce ni, ga shayarwa, ga yunwa, ga kewar gida, yawuna har tsinkewa yake yi. Ta zuba a kwano ta yi addu'a ta cinye a gabana, tana tsokanata da cewa gishirin ya yi daidai. Na wanke mata kwanon, na zauna ina kallon rana ta taga kamar mai azumi.

Rana ta faɗi Mama tana nan garau, tana yi wa Dauda waƙa. Na ɗauko kwano na ce lokaci ya yi.

"A gida da tuni kin ci," in ji ta. "Amma nan ban san ƙasar ba, ita ma ba ta san ni ba. Baƙo ko da ido makaho ne. Sai gobe."

Na yi magiya, na yi fushi, har ƙwalla na yi, babbar mace da ɗa a hannu. Ko gezau. Ta cire kallabinta ta ɗaure tukunyar da murfinta tam, da irin ƙullin da take ɗaure dammin itace, wanda ta yi ta koya mini tun ina ƙarama ban iya ba. Ta sa a firij ta ce, "Na san ki, Ladi. Tun kina rarrafe kike lasar ludayi." Ta kuwa san ni. Da ta shiga banɗaki na buɗe firij da cokali a hannu, na daɗe ina duban ƙullin nan. Kwancewa ba wuya, mayarwa ce ba zan iya ba, kuma na fi tsoron bakin Mama da yunwa. Na rufe firij na sha shayi da burodi ina ƙunƙuni.

Gari na wayewa na same ta a durƙushe a banɗaki. Amai da zawo, ba ƙaƙƙautawa, yini guda. Bulus ya ce a tafi asibiti, ta ƙi. Ta ce ta san wannan, in cikin ya wanke shi ke nan, a ba ta ruwan gishiri da sukari, kada kuma kowa ya taɓa tukunyar. Mu ma haka muka sani daga gida: wanda naman kaza ya buga, in ya kwana ya tashi, ya tsira. Bayan kwana biyu kuwa sai ga Mama ta miƙe. Ta sha kunu, ta yi wa Dauda wanka, ta zagi kajin kanti. Muka yi wa Ubangiji godiya, Bulus har yana mata ba'a yana kiranta sarauniyar daji. Duk cikin kwanakin nan babu wanda ya fi ba ni tsoro in na tuna kamar wannan ranar da muka yi ta dariya.

Ranar Lahadi bayan sujada Anti Rifkatu ta zo barka daga Springfield. Nas ce, mutuniyar Filato, muna coci ɗaya. Ta durƙusa tana gaida Mama, sai na ga gaisuwar ta tsaya mata a baki. Ta ce Mama ta juyo wajen taga, ta ja fatar idonta ƙasa da yatsa. Farin idon ya koma ruwan ɗorawa. Ta tambayi abin da ta ci, muka faɗa mata, da dariyarmu, mun ɗauka labari ne da ya wuce.

"Bulus, ɗauko mota. Asibiti za mu, imajensi, yanzu-yanzu. A taho da tukunyar."

A asibiti ne muka ji abin da ba mu taɓa ji ba. Wannan farin naman kaza dafuwa ba ta kashe dafinsa. Yana barin mutum ya yini lafiya, ya kayar da shi, sannan ya ƙyale shi ya miƙe kamar ya warke, alhali a lokacin ne yake cin hanta a ɓoye. Kurege da dodon-koɗi suna cinsa su wuce abinsu. Likitoci suka ce a kawo musu gindinsa, Bulus ya koma dajin ya tona inda Mama ta tsinka, sai ga wani ƙullutu a cikin 'yar jaka fara kamar ɓawon ƙwai. Wannan jakar ita ce babbar alamarsa, ita ce kuma Mama ta bari a ƙasa don ya sake fitowa baɗi. Daga sama ya yi kama da namu, amma kama da wane ba wane ba ne.

Sai wani likita ya juyo kaina ya tambaya ko na ɗanɗana, ko da kaɗan ne. Na ce a'a. Ina rufe baki na tuna kwanon da na wanke. Na lashi yatsa ko ban lasa ba? Hannuna yakan yi haka da kansa ban sani ba, tun ina yarinya. Na yi ta ƙoƙarin tunawa, abin ya ƙi zuwa. Aka ɗebi jinina da na Dauda, aka ce in dakatar da ba Dauda nono sai an gani. Yaron yana kuka da yunwa yana ƙin kwalba, nonona yana zuba a riga, ni kuma duk madubin da na wuce sai na tsaya na ja fatar idona. Nakan buɗe idon jaririn yana barci in duba. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba, kuma ba na fatan maƙiyina ya ji shi.

Nakan yi tunanin abin da Mama za ta ce da ta ga yau. Naman kazan daji ya zama abin gayu, ana sayar da shi a kasuwar manoma, matasa suna fita rukuni-rukuni ranar Asabar da kwanduna. Bara jikata, wadda aka sa wa sunan Mama, ta nuna mini a wayarta cewa in ka ɗauki hoton naman kaza, wayar za ta faɗa maka sunansa. Tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa, da Turancin ta yi ta lallashina cewa yanzu an ci gaba. Na riƙe hannunta har sai da ta ce ina ji mata ciwo. Na san tambayar da Mama za ta yi: to in wayar ta faɗa, ita za ta fara ci? Hoto daga sama ake ɗaukarsa, yadda Mama ta duba, jakar kuma tana ƙarƙashin ƙasa. An ce yanzu ana yi wa masu irin ciwonta dashen hanta su rayu. A lokacin ba abu ne da ake yi wa kowa ba, ba a kuma yi mata ba.

Jinina ya fito lafiya, na Dauda ma babu komai. Mama kuwa hankalinta ya fara gushewa, tana kiran matan ƙauyenmu da suka daɗe da mutuwa. Abu ɗaya ne bai gushe ba. Duk sa'ad da ta buɗe ido ta gan ni sai ta ce, "Kin ci?" In ce ban ci ba. Ta ce, "Ƙarya kike, na san ki." Na rantse mata, Anti Rifkatu ta gaya mata sakamakon jini, Bulus ya yi mata bayani, duk a banza. Tana fizge-fizge tana neman tashi ta duba idona, tana kuka tana cewa ta kashe 'yarta da jikanta. Matar nan mutuwa take yi, amma tsoron da ke cinta nawa ne, kuma na rasa yadda zan cire mata shi.

Bulus ne ya tuna. Ranar da muka kawo tukunyar bai tsaya kwance kallabin ba saboda sauri, sai wata nas ta ba shi almakashi ya yanke ta gefe, ya cusa ƙyallen a aljihun rigar sanyinsa. Ya ruga mota ya ɗauko. Na sa mata a tafin hannu. Idonta a rufe, yatsunta suka bi ƙyallen a hankali har suka kai ga ƙullin, suka zagaya shi, suka ja shi, ya ƙi motsi.

"Nawa ne," ta ce. "Ba a taɓa ba."

Jikinta ya saki. Ba ta sake tambayata ba, ba ta kuma sake wata magana da na gane ba har ta cika.

Na ji masu cewa jahilci ne ya kashe ta, tsohuwar ƙauye ta zo Amurka tana tsince-tsince. Ba na musu da su cewa ta yi kuskure, kabarinta yana nan Maryland yana shaida. Amma nakan ce musu matar nan ta ga babu suri ta yi shakka, ta sa cikinta gaba da nawa, da ka'idar uwarta ta ce ya isa sai ta ƙara kwana guda daga kanta. Iliminta na naman kaza ya tafi da ita, ni ko na kanti ba na ci, kuma ban koya wa kowa komai a kansa ba sai gudu. Abin da ya rage shi ne mu. Dauda ya cika arba'in bana, da furfura a gemunsa da 'ya'yansa, bai san fuskarta ba sai a hoto. Allah ya ba ta hutawa. Mama ba ta san naman kazan ƙasar nan ba, amma ta san 'yarta, shi ya sa nake raye ina ba ku labarinta.