Facin Istifanus Da Tafiyar Da Na Yi Neman Layi Mai Kyau

Laraba: Gyadi-Gyadi zuwa Zariya

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na ja ƙofar gidanmu a Gyadi-Gyadi, jaka a kafaɗa, faifan fulofi biyu na kwamfuta a aljihun gaba, na naɗe su cikin leda kamar laya. Hadiza matata ta biyo ni har zaure tana cewa in sha ko kunu ne, na ce mata sai na dawo. Shekara biyu ke nan da sojoji suka koma bariki, ko'ina ka zauna sai ka ji ana cewa yanzu komai zai gyaru. Ni dai abin da ya fitar da ni cikin wannan duhu alkawari ne da na yi wa matar abokina.

Ina aiki ne a wani kafe na intanet a bakin titin Zariya. Akwai wata manhaja da muke ce wa saba, ita ce take zaune cikin kwamfuta tana miƙa shafi ga duk wanda ya nema daga ko'ina a duniya. Ba ta kowa ba ce. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa ta imel suna gina ta kyauta, wanda ya ga ɓaraka ya rubuta gyara, faci muke ce masa, ya aika, sauran su gwada. Ni da Istifanus, malamin lissafi ɗan Pankshin da ke zaune a Tarauni, mu muka gano wata cuta a cikinta. Idan layin intanet ya yi rabin mutuwa, bai yanke ba kuma ba ya tafiya, sai sabar ta tsaya tana jiran mutumin da ya riga ya yi gaba. In irin wannan ya taru, sai ta sandare gaba ɗaya. Wata bakwai Istifanus yana zuwa wurina bayan an tashi daga makaranta, da farin alli a hannun rigarsa, har ya rubuta facin. Ya aika ranar wata Litinin, ciwon ciki ya kwantar da shi a makon, kafin watan ya ƙare mun raka shi makabarta.

Dokar mutanen ita ce ba a karɓar faci sai wani mutum dabam ya gwada shi a wata na'ura dabam: ya nuna tsohuwar manhajar ta faɗi, ya liƙa facin, ya nuna ta tsaya da ƙafarta. Ni shaidata ba ta karɓuwa, don a na'urarmu aka yi aikin. Dattijon da ke kula da shigar da gyare-gyare ya rubuto cewa za su rufe ƙofa ranar Juma'a ƙarfe ɗaya agogonmu, bayan nan za a rushe wannan sashe a sake gini, facin ba zai ƙara samun gurbi ba. Wanda aka karɓi facinsa kuwa, sunansa yana shiga jerin waɗanda suka gina manhajar. Maman Ladi, matar Istifanus, za ta koma Pankshin da yara ranar Asabar. Ta taɓa tambayata wai me mijinta yake yi a wurinmu da ya hana shi cin abincin rana a gida. Na ce mata kafin ta tafi zan kawo mata takarda da sunansa a jiki, ta gani da idonta.

A tashar Unguwa Uku na yi sallar asuba. Na samu fijo, mu tara har da direba, muka ɗaga shida da minti goma. A Kwanar Dangora wani mai kaki ya tsayar da mu, ya laluba aljihuna ya zaro faifan da facin ke ciki, ya ɗaga sama yana hangensa kamar zai ga rubutun ta ciki. Ya ce mene ne, na ce aikin makaranta ne. Ya lanƙwasa ɗaya kaɗan, raina ya kusa fita. Da muka wuce direba ya ce in yi haƙuri, kakin ne ya canja launi, shingen yana nan inda yake.

Kano zuwa Zariya kilomita wajen ɗari da sittin ne. Takwas da rabi muka sauka a Kwangila, na hau acaɓa zuwa wajen Malam Garba, wani tsohon abokin sana'a da ke kula da ɗakin kwamfuta na wata makaranta. Ya tarbe ni da shayi da burodi, ya share mini kujera da hannun rigarsa. Amma da na duba layinsa sai na ga abin takaici. Shafi ɗaya ya ci minti shida yana buɗewa, ya tsaya a rabi, ya motsa, ya sake tsayawa. Wallahi ya fi namu lalacewa.

"Ka zauna mana mu gani," in ji shi.

Na ce a'a, Malam, wannan aiki Turawa za su duba, ba zan aika musu shaida daga layin da yake tari ba. Ko bayanin cutar ban tsaya na yi masa ba. Kunya nake ji, in faɗi gaskiya. Duk tsawon watannin nan ina ganin kamar mutanen can suna yi mana dariya idan imel ɗinmu ya iso a makare, na ƙudurta a raina cewa shaidar Istifanus daga wuri mai daraja za ta fito. Malam Garba bai yi musu ba. Ya raka ni har bakin titi, ya ce kujerar tana nan in na canja shawara.

Kaduna

Sha ɗaya da kwata na shiga bas, kilomita tamanin, muka isa Kawo ɗaya saura. Na zaga kafe uku. Biyu ba su yarda baƙo ya sa faifai a na'urarsu ba, na uku kuma mai shi ya ce shi bai san wata saba ba, in imel zan duba in zauna, in ba haka ba in ba mutane wuri. Na kwana a Tudun Wada gidan Kawu Isa, ƙanin mahaifiyata, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Muna cin tuwon masara da miyar kuka ya tambaye ni wane kamfani ne ya aiko ni. Na ce babu kamfani. Ya ce to wa zai biya ni, na ce babu mai biya, shi ma mamacin ba a biya shi ba. Sai ya turo mini sauran naman, ya ce in ci, da alama ina bukata.

Alhamis: Kaduna zuwa Abuja

Shida da rabi muka tashi. Kilomita wajen ɗari da casa'in, shinge huɗu, mun tsaya a Tafa na ci doya da ƙwai a tsaye. Sha ɗaya saura na isa ofishin Injiniya Maryam, wadda muka yi karatu tare. Kamfaninsu yana da farantin tauraron ɗan Adam a kan rufi, janareta ba ya mutuwa, sanyin ɗakin har ya sa ni atishawa. Na taɓa madanni, shafi ya buɗe kafin in ɗage yatsa. Na ce a raina, Istifanus, ga wurin da ya dace da kai.

Maryam mace ce mai bin doka daki-daki. Ta karanta sharaɗin gwajin, ta ɗora tsohuwar manhajar, ta ce bari mu fara ganin ta faɗi. Muka sa ta aiki, muka zauna. Awa ɗaya, ƙalau. Awa biyu, ƙalau. Na fita na yi azahar na dawo, tana nan tana miƙa shafuka kamar ba ta taɓa ciwon kai ba. Maryam ta zare waya ta mayar, ta sake zarewa sau wajen ashirin. Duk lokacin da ta zare, sabar ta gane an yanke, ta sallami mai nema, ta ci gaba da harkarta.

Wajen ƙarfe huɗu ta juyo da kujerarta ta ce in sake faɗa mata yadda cutar take tasowa. Na faɗa. Sai ta ce:

"Nasiru, kai da bakinka ka ce sai layi ya yi rabin mutuwa. Namu ko dai yana raye ko ya mutu. Me ya kawo ka nan?"

Ɗakin Malam Garba ne ya faɗo mini a rai, da shafin nan da ya tsaya a rabi, da kujerar da ya share mini. Abin da nake nema ke nan, na same shi tun jiya da safe, na raina shi na wuce. Na roƙe ta, ba zan ɓoye ba, na ce ta rubuta musu kawai cewa ta gwada ya yi. Ta ce ba za ta iya cewa ta ga abin da ba ta gani ba, kuma mutanen nan ba su taɓa ganin fuskarmu ba, maganarmu kaɗai suke riƙe da ita. Na ji haushinta ƙwarai a lokacin. Yanzu na san Istifanus ma haka zai ce.

Ta buga wayar ofishin Malam Garba sau biyar, tana ta ƙara babu mai ɗauka. Muka aika masa imel da facin a ciki, muka kuma rubuta wa dattijon muna neman ƙarin kwana biyu. Amsarsa ta zo kafin magariba, cikin ladabi: ya yi ta'aziyya, ya ce ƙofar ba tasa ba ce shi kaɗai, mutane da yawa suna jira. Na kwana a Zuba wajen wani ɗan unguwarmu mai sayar da taya.

Juma'a: Zuba zuwa Zariya

Biyar da rabi ina tasha. Na yi lissafi, in mun tashi shida za mu isa Zariya goma, awa uku sun isa a gwada a aika. Mota ba ta cika ba sai bakwai da minti arba'in. Kusa da Kateri muka tarar tirela ta faɗi ta gicciye hanya, buhunan masara sun watse, motoci sun yi layi har ba a hango ƙarshensa. Fiye da awa ɗaya muna tsaye. Na je na samu direbanmu na ce ko akwai wata hanya ta daji, ya ce Malam ko haihuwa za a yi a motar nan sai an ɗaga tirelar. Na koma na zauna a bakin kwalta, ina duba agogo har wata tsohuwa da ke kusa da ni ta tambaye ni ko rasuwa aka yi mini. Na ce mata eh.

Ɗaya saura minti goma na sauka daga acaɓa a ƙofar ɗakin Malam Garba. Kwaɗo ne a jiki. Mai gadi ya ce ya rufe tun sha biyu ya tafi masallaci, sai Litinin. Na leƙa ta taga. Ya bar na'urar a kunne, fitilun modem, akwatin layin intanet, suna ƙiftawa, su tsaya, su ƙifta, su tsaya, daidai yadda nake so. Tsakanina da su bai fi taku uku ba. Ina tsaye a nan ɗaya ta buga. Na bi sahun mutane na tafi masallaci, ban san abin da liman ya faɗa a huɗuba ba. Daga baya Malam Garba ya gaya mini imel ɗinmu bai sauka ba sai ranar Talata.

Tarauni

Biyar da kwata na sauka a Unguwa Uku. Ban nufi gida ba. Na biya ta kafe na buga shafin farko na facin, inda Istifanus ya rubuta sunansa a sama da layi biyu na bayani, na hau acaɓa zuwa Tarauni. Na tarar an ɗaure katifu, tukwane cikin buhu, allon da yake koya wa yaran maƙwabta lissafi an jingine shi a bango. Maman Ladi ta kawo mini ruwa, ta yi mini sannu da hanya, sannan ta tambaya ko an sa sunan.

Na ce ba a sa ba, kuma laifina ne. Na fara yi mata bayanin layi mai kyau da marar kyau, sai na ga ba ta da bukatar wannan, na miƙa mata takardar. Ta juya ta sama da ƙasa, duk alamomi ne da ba ta sani ba, ta ce in nuna mata wurin. Na ɗora yatsa. Ta karanta a hankali, leɓenta yana motsi.

"Mutanen can za su gani?"

"A'a, Maman Ladi. Ni da ke ne kawai."

Ta ninke takardar gida huɗu ta sa cikin Littafi Mai Tsarki da ke kan akwati, ta ce ba komai, ta gode da wahala. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Na isa Gyadi-Gyadi ana kiran magariba. Hadiza ta dubi fuskata, ta kawo abinci. Bayan mako biyu sabuwar manhajar ta fito. Na karanta jerin sunayen tun daga sama har ƙasa sau biyu, ko da yake na san abin da zan tarar. Facin yana nan yana aiki a na'ura ɗaya tak a duniya, tamu ta bakin titin Zariya, kuma tun ranar da Istifanus ya liƙa shi ba ta ƙara sandarewa ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Kawu Isa da ya ciyar da ni, da Injiniya Maryam da ta ƙi yi mini ƙarya. Malam Garba kuwa, godiyarsa da ban haƙuri nake haɗawa. Ranar Laraba da safe ya share mini kujera ya ce in zauna, na ƙi.