Karkatacciyar Ƙotar Attahiru

Yayana Attahiru maƙeri ne a Danwarai, amma ba garma ko lauje suka sa aka san shi ba. Bindiga yake gyarawa, kuma ba ƙarfenta ya fi damunsa ba, ƙotar ce, wato icen nan da maharbi ke dafawa a kafaɗa ya kwantar da kunci a kai. Ni ce ƙanwarsa Gudiya, maginiyar tukwane. Tun da mijina ya rasu na dawo gidansa, saboda haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi. In an ji zafi a maganata, to akwai shi, ban huce ba har yau.

Mutum ne mai sanyin magana da taurin kai. In ka kawo masa bindiga, kai zai fara aunawa kafin ita. Zai sa gindin ƙotar a gwiwar hannunka ya ga ko yatsanka ya kai kunamar bindigar. Zai ce ka rufe ido ka ɗaga ta kafaɗa, sannan ka buɗe, shi kuwa yana tsaye yana duban inda bakinta ya nufa. Wani a rage masa ice, wani a ƙara masa da fata. Daga nan sai a shafe tsohon kwanon rufi da farar ƙasa, a jingina shi a gindin kuka, ka harba, ya je ya tsuguna yana karanta yadda ƙwayoyin dalma suka watsu. Ba ya sallamar kowa sai an yi gwajin ƙarshe, kuma nan ne nawa aikin yake. Da ragowar yumɓu nake yi masa 'yan faya-fayai kamar marufin tulu, in shanya su ba tare da na gasa ba, don su yi saurin fashewa. Yakan maƙala ɗaya a tsagaggiyar sanda ya wurga sama, mai bindiga ya bi shi da harbi. Daga Jega, daga Aliero, har daga ƙauyukan Maiyama ana zuwa ƙofar gidanmu.

Shekarar da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato aka yi ta sauya wa ma'aikata wurin aiki. Wani malamin gona, Solomon, da zai tashi, ya sayar wa Isa maƙwabcinmu bindigarsa mai baki biyu, ta ƙasar waje, kyakkyawa. Isa kuwa ko garke aka tsayar masa sai ya kuskure. Birai sun mai da gonarsa gidansu, mutane suna yi masa dariya.

Attahiru ya sa shi ya haɗa hannuwa ya leƙo shi ta 'yar kafar da ke tsakani. Nan take ya gano matsalar. Isa da dama yake riƙo, amma idonsa na dama ya yi rauni tun wata ƙaya da ta soke shi yana ƙarami, da na hagu yake gani. Kafaɗa na gefe ɗaya, ido na ɗaya gefen. Kwana uku yayana ya yi a kan ƙotar nan. Ya naɗe wuyanta da tsumma, yana kwarara mata tafasasshen man gyaɗa, yana danna ta da 'yan itatuwa kaɗan-kaɗan, har ta lanƙwashe ta kawo bakin bindigar daidai idon hagu. A ido dai ta yi muni, ba na musu. Amma ranar gwaji faifai goma aka wurga, tara suka zama gari a sama. Isa ya zauna a ƙasa yana hawaye.

Attahiru ya ce masa, "Isa, bindigag ga taka ta kai ɗai. Ga hannun wani ba ta da amfani. Kada ka ba kowa aronta."

Isa ya ce, "Na ji, Malam. Wallahi ko wa na."

Ya dai rantse, ni shaida ce.

Bayan kakar shekara ta biyu maharba suka shirya wasa a Kuberi, aka gayyaci yayana ya zo da faya-fayai. Na yi guda ɗari, na bi su da kaina don kada a fasa mini a hanya. Jama'a ta cika fili. Cikin manyan baƙi akwai Alhaji Bala, babban dillalin albasa na Aliero, wanda Isa ke auren 'yarsa. Alhaji ya yi farauta da ƙuruciya, kuma ba ya gajiya da ba da labarin. Ya ji ana ta zuzuta bindigar surukinsa, sai ya miƙa hannu daga kan kujera ya ce a kawo ya nuna wa yara yadda ake yi.

Kowa ya san yadda muke da surukai. Mutumin da ba ka iya cin abinci a gabansa, ba ka iya kiran sunansa, ta yaya za ka ce masa a'a a bainar jama'a? Isa ya cire takalmi, ya durƙusa, ya miƙa bindigar da hannu biyu. Ko kallon inda yayana yake bai yi ba.

Attahiru ya matsa ya ce, "Ranka shi daɗe, wagga ba ta yi maka. Bari in samo maka wata."

Alhaji ya ce, "Kai dai jehwa."

Aka wurga na farko, ya sauko lafiya. Na biyu ma haka, na uku, na huɗu. A na biyar Alhaji ya bi faifan har ya yi ƙasa, harbin ya tafi can gefe ya fasa randar ruwan sha da aka ajiye a gindin marke. Allah ya kiyaye ba kowa a kusa. Sai wani ya tuntsire da dariya, fili duka ya ɗauka.

Alhaji Bala ya juya bindigar yana dubawa, ya ga lanƙwasar. Ya ɗaga ta sama yana zagayawa da ita.

"Jama'a ku diba! Bindigat Turawa lahiya lau, wanga maƙeri ya karkata ta. Wa ka iya harbi da wannan? Da mutum nih harbe hwa?"

Karkacewar a fili take, ko yaro ya gan ta. Yayana bai ɗaga murya ba. Ya ce, "A ba mai ita. In jehwa mai ukku. In yak kuskure ko guda, ni na yarda da laihina."

Aka miƙa wa Isa. Ina tsaye kusa da kwandon faya-fayai, bai fi taku biyar tsakanina da shi ba, kuma na san yadda yake harbi kamar yadda na san tafin hannuna. Attahiru ya wurga. Na ga Isa ya kwantar da kunci, na ga bakin bindigar ya kama faifan, sannan na ga ya runtse idonsa na hagu, mai ganin. Ya harba a iska. Sau uku yana yin haka. Ya gwammace a ce maƙeri ya ɓata aiki da a ce ya fi uban matarsa a gaban mutane.

Na buɗe baki zan yi magana, Attahiru ya riƙe mini hannu ya ce, "Gudiya, kwashe kayanki mu tahi."

Abin da ya fi ƙona mini rai, a filin nan akwai mutum fiye da ashirin da suka ga Isa ya fasa tara cikin goma a ƙofar gidanmu. Akwai waɗanda bindigogin da ke rataye a kafaɗarsu yayana ne ya daidaita musu. Ba wanda ya yi tari. Wai kara suke yi wa babban mutum. Labari kuwa ya riga mu isa gida, ranar kasuwar Jega ya gama ƙasar: maƙerin Danwarai yana karkata bindiga, ya kusa sa a kashe mutum. Kafin damina ƙofar gidanmu ta yi tsit. Na daina yin faya-fayai, don ba mai harbinsu.

Isa ya zo sau ɗaya, da hantsi, bindigar naɗe cikin buhu. Ya tsuguna nesa, kansa a ƙasa.

"Alhaji yac ce a miƙe ta."

Ni da na so a kore shi da muciya. Attahiru kuwa ya karɓi buhun, ya ce mini in ɗora mai a wuta. Kwana uku ya sake yi, da irin kulawar da ya yi ta farko, ya miƙe ƙotar sarai. Ya ba shi ya ce, "Ga ta. Yanzu ta yi kyawon gani." Ita ce bindiga ta ƙarshe da ya taɓa. Sauran shekarunsa huɗu ya yi su yana ƙera lauje da kalme, kuma ko sau ɗaya bai ba kowa labarin idon da aka runtse ba. In na tayar da maganar sai ya ce in bari, auren mutane ne a ciki.

Alhaji Bala ya riga yayana rasuwa da wata bakwai. Ranar sadakar ukun yayana maza sun cika zaure, ni ina bayan zana ina raba gumba. Sai na ji muryar Isa. Ya ce yana da maganar da ta daɗe tana cin sa. Ya ce ranar Kuberi da gangan ya kuskure, bindigar ba ta da laifi, mamacin bai taɓa ɓata aiki ba, a yafe masa.

Na saki ludayin na kasa kunne. Na ɗauka za a yi salati, ko wani ya tashi ya shaƙe shi. Sannan wani dattijo daga cikin maharban, wanda yayana ya gyara wa bindiga har sau biyu, ya yi gyaran murya ya ce, "Haba Isa, kwantar da hankalinka. Ai du mun sani tun rannan."

Na ji sauran suna cewa haka ne, haka ne. Sannan wani ya leƙo ya ce a ƙaro gumba.