Eilif Straumsnes, Haƙurin da Ban Ba Ka Ba

Ranar Alhamis, 14 ga Nuwamba, 2024, da hantsi, Solfrid ta bugo mini waya ta ce mijinta ya cika a asibiti. Eilif, ka tafi kana da shekara saba'in da huɗu, ka bar ni da maganar da na daɗe ina taunawa ban furta ba.

Shekara goma sha tara kana shugabantar masana'antarmu ta saƙa ragar kamun kifi, amma ban taɓa ganin ka ci abinci a ofis ba. Cikinmu kake zama, ka warware burodi da cuku daga takarda kamar kowa. Ni ce wakiliyar ma'aikata, bakina kuwa ba linzami. Kakan ce, "Oddny, yau kuma da wane laifi na tashi?" In ce, "Ci burodinka tukuna, laifin da yawa."

Da masu kamfanin suka yanke shawarar mayar da aikin ƙasar waje, kai aka sa ka sanar da mu. Na miƙe a gaban mutum ɗari biyu na kira ka maci amana. Ka tafi birnin Oslo wurin masu kamfanin. Bayan wata biyu aka ce masana'anta tana nan, kai kuma ka sauka. Muka yi ta murna wai mun kore ka. Sai daga baya Solfrid ta gaya mini a bakin coci cewa kai ka roƙar mana shekara biyar ta gwaji, suka yarda bisa sharaɗin ka bar kujerarka.

Duk bazara mukan haɗu wurin aikin gayya, fentin rumfar jiragen ruwa. A tsibirinmu a nan waɗanda suka ɓata ke shiryawa ba sai an yi magana ba, riƙe wa mutum tsani ya wadatar. Bazara goma sha ɗaya ina riƙe maka tsani muna hirar iska da ruwan sama, ina ruɗin kaina cewa ka gane. Da na ji ka kwanta, na ce Asabar zan zo in faɗa da bakina. Wannan jinkirin yana ci mini rai.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta. Ya ba Solfrid da 'ya'yanku, Tordis da Jarle, haƙurin rashinka. Tunda a bainar jama'a na zage ka, a bainar jama'a nake janyewa: ba ka ci amanar kowa ba, Eilif. Ka yafe mini.