Dami Sittin na Malam Sale

Har gobe ban manta da Talatar da aka kore ni daga aikin ƙididdiga a Zandam ba. Ku da za ku fita da fom gobe, gara ku ji.

Damina ce, shekara guda bayan an canja fam zuwa naira. Ni lokacin na bar sakandare daga aji biyu, na yi yaron mota na gudu, na zauna shagon tela na gudu. Kawuna ya samo mini wannan aikin a Birnin Kudu, ya ce daga shi ba zai ƙara sa baki a sha'anina ba. Wata uku ne, wanda ya yi abin kirki a ɗauke shi dindindin. Wai gwamnati na son sanin tazarar da ke tsakanin mai shi da marar shi, tunda kuɗin mai sun fara shigowa. Kowane maigida a tambaye shi dami nawa ya samu bara, awaki nawa, me sana'ar rani take kawowa. Mu ne masu cikewa. A kanmu akwai mai dubawa, Malam Iliya, wanda kan zaɓi gida ɗaya cikin goma ya sake tambaya.

Dokar ita ce ba ka shiga unguwa sai da mai unguwa. To ku duba fa: ga ni da fom, ga mai unguwa, ga duk wani marar abin yi ya biyo mu. A ƙofar gida za a shimfiɗa tabarma, a gaban kowa a tambayi mutum abin da ke rumbunsa.

Alhaji Ɗanjuma, wanda nake hango rumbunansa bakwai ta saman danga, ya ce dami sittin, shekarar ba ta yi kyau ba. Haraji yake tsoro. Maƙwabcinsa Malam Sale, dattijo mai iyali tara, ya gyara zama, ya dubi jama'a, ya ce alhamdu lillahi, shi ma sittin. Haka aka yi ta yi mini mako biyu. A takardata Zandam gari ne da babu mai kuɗi, babu talaka. Kullum ina komawa masauki kamar in yayyaga fom ɗin.

Wata safiya na ɗauki keken ofis zan tafi Basirka, sai na ga Malam Sale duƙe da fartanya a gonar Alhaji. Tasa gonar tana gefe, ciyawa ta fi geron tsawo. Na jira rana ta take, na same shi shi kaɗai a gindin ɗorawa. Na tambaye shi ainihin abin da ya samu, da ƙyar ya faɗa. Sha biyu ya samu, sun ƙare tun kafin ruwan farko. Yana ƙwadago don a ci yau, tasa gonar tana jira, shi ya sa baɗi ma sha biyun ce.

"Ni da kai ne fa, ɗana," in ji shi.

Na ce to, Baba. Sannan na goge sittin, na rubuta sha biyu, har na ƙara bayani a ƙasa. Ni a dole na gano abin da manya suka kasa.

Malam Iliya yana ganin gurbin gogewa ya ce wannan gidan zai duba. Na roƙe shi ya je shi kaɗai, ko a gona. Ya ce yaron da bai gama makaranta ba ba zai koya masa doka ba. Ranar Talata aka shimfiɗa tabarma, mai unguwa ya zauna, Alhaji ma ya zo. Malam Iliya ya dubi Malam Sale.

"Malam, ka ce sittin, yaron nan ya mayar sha biyu, ya rubuta wai ƙwadago kake yi a gonar Alhaji. Wanne ne gaskiya?"

Malam Sale bai ko dube ni ba.

"Sittin ne, ranka ya daɗe. Gonar Alhaji kuwa zumunci ne, hannu nake kama masa."

Alhaji ya gyaɗa kai, ya ce haka ne. Nan take Malam Iliya ya ce ni mai ƙirƙirar lissafi ne, in ajiye keke da jaka. Motar gyaɗa ce ta kai ni gida. Kawu ya shekara bai yi mini magana ba, sai da ƙyar daga baya na sake samun shiga wannan aiki.

Na daɗe ina jin haushin Malam Iliya, har yau ma da saura. Amma Malam Sale ban taɓa jin haushinsa ba. Rufin asirin nan shi kaɗai ya rage masa, ni kuma na ɗauka na kai gaban Alhaji saboda in samu aikin dindindin.

Don haka in kuna son sanin mai shi da marar shi, ku bar tabarma, ku zaga gonaki a tsakiyar damina, ku ga ta wa ciyawa ta cinye, kuma ina mai ita ya tafi da fartanyarsa. Wanda ya ce muku tsakaninku ne kuwa, to tsakaninku ne. Sittin ɗin nan dai tana can cikin fayil a Kano, daidai da ta Alhaji.