Man gyaɗa a kan matiris ɗin Baba Lawali

Yau da safe ina cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na sha uku, an matse ni jikin ƙofa kamar kullum, sai ga kiran Hadiza daga Lyon. Na san ba lafiya ba tun kafin in ɗauka, don Hadiza ba ta kira, saƙo take turowa.

"Yaya Mutari, Papa est parti," ta ce. Sai ta sake faɗa da Hausa kamar ban ji ba. "Baba ya rasu bayan sallar asuba."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Lawali ya riga mu gidan gaskiya.

Na sauka a tashar da ba tawa ba, na zauna a benci, jirage suna zuwa suna wucewa. Ban je aiki ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Lawali mutumin Damagaram ne, mahaifin Hadiza, mijin Hajiya Zainabu. Ya yi aikin ƙarfe a wata masana'anta har ya yi ritaya, gidansa yana Vaulx-en-Velin, a gefen Lyon. Mutanenmu na Lyon suna ce masa Malam mai harsashi, shi kuma yana amsawa da fara'a. Ɗan wasan harbi ne a kulob, da lasisinsa da duk takardunsa. Bai taɓa harbin abu mai rai ba, ko tantabara. Takarda mai zanen zagaye ita ce abokiyar faɗansa.

Ba mu haɗa jini ba. Na je Lyon karatu ban san kowa ba, ya ji ina gaisawa da wani a ƙofar masallaci ranar Juma'a, ya juyo ya ce, "Wannan Hausar ta ina ce? Ta sha sanyi." Na ce ta Saint-Denis ce, iyayena 'yan Maraɗi. Ya ce to in biyo shi gida a ɗumama mini ita. Ranar na ci tuwon Hajiya da miyar kuka har na ji kunya, kuma ban fasa zuwa ba sai da na gama karatu.

Shi ya fara kai ni kulob. Na tafi da zumuɗi, na ɗauka za a miƙo mini bindiga.

Tsumma ya miƙo mini.

Masu wasan harbi da yawa ba sa zubar da kwanson harsashi bayan sun harba, suna tsince shi su sake cika shi, doka ta yarda ga mai lasisi. Abin da ake mayar da kwanson siffarsa da shi, Baba yana ce musu matiris. 'Yan ƙarafa ne, kowanne ya ɗan fi babban yatsa, da zare a jikinsa irin na noti, da rami a ciki mai santsi yana sheƙi. In datti ko tsatsa ta shiga ramin nan, duk kwanson da ya ratsa sai ya fito da ƙarzuwa a jiki.

Baba ba ya barin su su kwana da datti. Zai shimfiɗa tsohon farin tawul a tebur, ya warware kowanne, ya jera sassan yadda ya cire su don kar su cakuɗe. Ya bi zaren da ɗan burosi, ya zura auduga da ruwan wankinsu a ramin, ya ɗaga ya leƙa ta hasken taga da ido ɗaya a rufe. In ya gamsu, ya ɗiga man inji a tsumma ya shafa a baya, ya mayar akwati.

Ni kuwa hannuna nauyi gare shi wajen mai. Kullum sai ya ce, "Kaɗan, Mutari. Ba miya kake yi ba."

Kun san 'yan ƙunshin nan da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, masu tsotse laima? Duk 'yan kasuwarmu masu shigo da takalma sun san nasa ne. In ya je gaisuwa shagonsu sai su juye masa su a leda, ya zo ya cusa a akwatin. Alhazai manya masu kwantena suna tara wa Malam shara, su da kansu suna dariyar abin.

Da mahaifina ya rasu, Baba ya hau jirgin ƙasa ya zo gidanmu a Stains, kusa da Saint-Denis, ya zauna da mu har aka yi addu'ar uku. Bai yi mini dogon wa'azi ba. Ya dai tabbatar na ci abinci, ya kuma hana ni tuƙi.

Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, gefen dama.

Ya san likita ba zai sake sa masa hannu a takardar lasisi ba, bai jira a gaya masa ba. Ya sa Hadiza ta kai shi shagon mai sayar da bindigogi, ya miƙa nasa duka, ya dawo gida ya zauna a kujerar bakin taga. Akwatin matiris kaɗai ya rage, aka ɗora shi saman wadirob.

Daga nan abin ya fara ba mu tsoro. Likita ya ce hannun zai iya dawowa in ana motsa shi, in kuma aka bar shi zai sandare gaba ɗaya. Kine, wato mai zuwa gida tana koya masa motsa jiki, ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ya ce shi ba jariri ba ne, ƙwallon ta ƙare a ƙarƙashin kujera. Ya daina zuwa masallaci. In na kira, Hajiya ce ke ɗauka, ta ce yana hutawa. Hadiza ta yi masa faɗa da Faransanci, ta yi da Hausa, ta yi kuka, ya ɗora hannun a cinya yana kallon motoci.

Rannan sai ga kiransa, shi da kansa, murya ƙasa-ƙasa.

"Mutari, kana da abin yi Asabar? Ka zo mini da burosi da ruwan wanki. Kar ka gaya wa Hajiya."

Ashe Hajiya ta sauko da akwatin tana share-share, ta ga ƙarafan sun yi wata da watanni ba a taɓa su ba, ta ji tausayinsu. Ta ɗauko man gyaɗa ta shafe kowanne ciki da waje, yadda take yi wa tandar masa don kar ta yi tsatsa. Ta nuna masa tana murna, ta mayar. Man gyaɗa kuwa in ya kwana biyu a ƙarfe danƙo yake komawa. Da Baba ya buɗe akwatin ya tarar zaren ya ƙi juyawa, ƙura ta manne, ko'ina yana ƙamshin wurin mai ƙosai.

Na hau jirgi na je. Hajiya ta tafi suna, gidan ya rage mu biyu. Muka shimfiɗa tawul a teburin kicin, na fara aiki, shi yana kallo. Na ga yana ta mutsu-mutsu a kujera. Da na ɗauki burosi na bi zaren a karkace, ya kasa daurewa.

"Ba haka ba. Kawo."

Ya miƙo hannun dama. Ƙarfen ya suɓuce ya gangara, na yunƙura zan ɗauko, ya harare ni. Ya jawo shi da yatsu biyu, ya sake riƙewa, ya sake suɓucewa. Muka yini a aikin da dā kafin shayi ya huce ya gama. Gumi ya jiƙa masa riga, amma shi ya goge na ƙarshen, shi ya ɗaga shi ya leƙa ta taga.

Na ce, "Baba, bari in yi wa Hajiya bayani a hankali, don kar ta sake."

Ya ce, "A'a. Tun farkon aurenmu take haƙuri da warin abubuwan nan a gidanta. Yau ta taɓa su da niyyar alheri, sai in ce mata ta ɓata? Bar ta."

Muka buɗe tagogi wari ya fita, muka ƙunshe tsummokaran a leda. Da ta dawo ya ce mata, "Hajiya, na duba kayan nan, sun yi kyau. Mersi." Ta ce ba komai.

To mai zai hana ta sake, an yaba mata?

Ba a daɗe ba ya kira ni yana dariya. "Ta sake, Mutari." Haka abin ya zama. Hajiya ta shafa, Baba ya jira ranar kasuwa ta fita da kekenta na cefane, ya shimfiɗa tawul ya wanke, ya buɗe taga, ya mayar kafin ta dawo. Na ce ya ɓoye akwatin, ya ce ba abin da ke ɓuya wa Hajiya a gidan nan. Na ce in sayo mata man da ya dace, ya ce sai ta tambayi laifin nata. Gaskiya na ɗan ji haushin Hajiya a raina lokacin, na ce mutum yana fama da jikinsa ana ƙara masa aiki.

Amma hannun ya fara dawowa. Ya koma ɓalla maɓallin rigarsa da kansa. Ya riƙe kofin shayi ba ya zuba. Wata Juma'a Hadiza ta turo mini hotonsa a ƙofar masallaci yana musabaha da Alhazan takalma, da hannun dama. Na daɗe ina kallon hoton nan.

Ganina da shi na ƙarshe watan jiya ne. Na je ɗaurin aure Lyon, na biya ta gidan. Na tarar da shi a teburin kicin, taga a buɗe, sanyi yana shigowa. Ya miƙo mini ɗaya ya ce in leƙa. Na leƙa, tas, ba ko ɗigo. Ya karɓa ya goge inda yatsana ya taɓa.

"In na tafi, akwatin naka ne," ya ce. "Amma ka bari sai Hajiya ta ba ka da hannunta."

Na ce ya daina irin wannan magana. Ya ce bon, to, an daina. Ya raka ni har tashar bas a hankali, ya cusa mini kilishi a aljihun kwat, ya ce in gaida mahaifiyata. Ban waiwaya ba, don na ɗauka akwai wani zuwan.

Ɗazu da na samu natsuwa na kira Hajiya. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya, ta amsa da muryarta ta kullum, ana jin mata sun cika gidan. Ta ce bai sha wahala ba, ya yi salla, ya ce ƙirjinsa, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Har zan yi sallama ta ce, "Mutari, in za ka taho ka zo da burosinka."

Na ce, "Burosi kuma, Hajiya?"

"Kai ma ka ɗauka ban sani ba ko?" ta ce. "Na farkon kuskure ne, wallahi. Amma da na dawo daga suna na ji warin ruwan wankin nan nasa a labule, na ga tsummokara a shara. Ranar kuma da hannun dama ya ci tuwo. Ɗana, kwalbar mansa tana cikin akwatin nan, ina ganinta duk sanda na buɗe. Ƙwallo ya ƙi matsawa, faɗa ya ƙi ji. Na ga abin da ke tayar da shi daga kujera, shi ke nan na ci gaba."

Ni kuwa da na riƙa jin haushinta.

"Shekaran jiya ma na shafa musu," ta ce. "Yau ranar kasuwa ce, da ya wanke su. Ka zo ka wanke masa, kar su kwana da datti."

Na tambaye ta ko in faɗa wa mutane wannan, ta ce in faɗa, yanzu ba sauran wanda za a ɓoye wa.

Ina rubuta wannan a cikin jirgin Lyon. Burosi da farin tawul suna cikin jakata. Za a yi jana'iza can in an gama takardun asibiti, mutanen Lyon za su ji a masallaci.

Allah ya jiƙan Baba Lawali, ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa ya haskaka shi. Yadda ya rufa wa iyalinsa asiri ya kiyaye zuciyar matarsa, Allah ya rufa masa asiri ranar tsayuwa. Yadda ya ɗauki ɗan wani ya ciyar da shi a garin da bai san kowa ba, Allah ya karɓe shi a Aljanna Firdausi.

Duk wanda ya karanta har nan, ko bai san shi ba, don Allah ya ɗan tsaya ya yi masa addu'a. Ku sa da Hadiza, ku sa da Hajiya Zainabu, don ita ce daga yau za ta riƙa dawowa daga kasuwa ta tarar da tagar kicin a rufe.