Kayan da Ba a Turara Ba

Ina da jikoki na shiga ajin yaƙi da jahilci a Gashuwa, don haka ban je can don in ji kunyar kowa ba. Malamarmu yarinya ce 'yar Kano, sa'ar autata, aure ya kawo ta garinmu.

Wata rana ta ba mu wani gajeren labari, muka bi shi layi-layi muna tuntuɓe. Labarin wani mai fataucin bandar kifi ne da yake kai kaya Nguru, ashe ya ajiye wata a can ba aure. Matarsa a jikin rigarsa ta gane, ta ji ƙamshin turaren wutan da ba haɗinta ba. Ba ta ce uffan ba. A ƙarshe ta wanke masa kaya, ta ninke, ta zuba a jaka ba ta turara ba.

Malama ta ce, "Kun ga darasin? Haƙuri. Duk da haka ta yi masa wanki."

Na ce, "Malama, kin fi ni karatu, amma wannan ba haƙuri ba ne. A nan kowace mace da haɗin turarenta. In magidanci ya zauna cikin maza sai ƙamshin sabulu zalla, an san matarsa ta janye hannu. Matar nan shela ta yi."

"Mama, ai marubucin bai faɗi haka ba."

"To me ya kai shi gaya mana ba ta turara ba? Tawada ce ta yi masa yawa?"

Aji ya kwashe da dariya, ban da wadda muke tabarma ɗaya, wata 'yar ƙabilar Bade mai yara ƙanana. Ita ma mijinta kifi yake kaiwa Nguru.

Da muka tashi ta biyo ni. Sai da muka rabu da mutane ta ce, "Yaya, in shi bai lura ba fa?"

Na dube ta, na gane labarin gidanta ne muka karanta. Tsoronta ɗaya, in ta fito ta faɗa ba shaida, a ce ta cika zargi, a tura ta gida ta bar 'ya'yanta.

Na ce, "Uwarsa za ta lura."

Haka kuwa aka yi. Ranar tafiya mijin ya durƙusa yana yi wa uwarsa sallama, tsohuwar ta ja numfashi, ta ji sabulu zalla a kayansa. Motarsu na tashi ta aika a kira mata surukarta.

"'Yata, garwashi ne babu a gidan?"

Tunda an tambaye ta, ta faɗa duka. Ba wanda ya ce ta kai ƙara.

Yanzu ƙanensa ke kai kifi Nguru, ita kuma tana ɗakinta da 'ya'yanta. Kwanaki na tambaye ta ko ta koma kunna masa kaskon turare.

Ta ce, "Tukuna, Yaya. Na yara dai ina turarawa."